Ɗiyar Fari a Bayan Iyaka

Tsakiyar damana ce, gero ya kai ƙugu, ruwa kuma bai yi mana rowa ba. Amma shekarar ba ta da daɗi a jiki. Man fetur ya tashi tun farkon ruwa, har zuwa Bakura daga Talata Mafara ya zama abin da sai mutum ya yi shawara da kansa kafin ya fita. Gonakin nesa an bar wa ciyawa saboda mutanen daji, 'yan bindiga. Damanarmu ta uku ke nan a Mafara, cikin ɗakuna biyu na haya, tun da muka baro Damaga da abin da hannu ya iya ɗauka. Malam, maigidana, yana noman shinkafa a ɗan filin da ya samu wajen ruwan Bakolori. Ni kuma ina ƙuli-ƙuli, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci ran Asabar da Lahadi bayan la'asar. A ajin nan na koyi rubutun da nake yi yanzu.

Ina da ɗiya ta fari. Ba na faɗin sunanta, haka na taso na ga iyayenmu na yi, kuma ban taɓa zama na yi hira da ita kamar yadda nake yi da ƙannenta ba. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta. A hannunta ta girma a Bakura, ita ta aurar da ita ga wani mai fataucin albasa, mutumin Nijar, can wani ƙauye gaba da Konni. Shekara guda da bikin Allah Ya yi wa yayata rasuwa. Daga nan duk abin da ke tsakanina da yarinyar sai ya bi ta bakin ƙanwata, wadda ita ma take aure a Bakura. In yarinyar za ta kira waya, ƙanwata take kira. In labarinta ya zo ƙanwata ce ta kawo, ni kuma in yi kamar hankalina na kan turmi.

Ita ce ta gaya mini yarinyar na da ciki. A wurinmu haihuwar fari gida ake zuwa. In ciki ya shiga wata bakwai a kawo mace wurin iyayenta, ta haihu nan, a yi mata wankan jego da ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in, sannan a mai da ita ɗakinta. Da yayata na raye ita za ta yi. Yanzu abin ya faɗo kaina. Ban ce wa kowa komai ba, amma tun kafin ruwa ya sauka na fara tara icce a bayan ɗaki, na rufe da tsohon kwano. Malam ya gani ya ce, "Wannan icce haka, gidan burodi za ki buɗe?" Na ce damana na tafe, icce tsada zai yi. Ya yi murmushi ya wuce.

Cikin ya shiga wata bakwai a makon da sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar. A rediyon Malam muka ji. Ban ɗauke shi wani abu ba, don ba shi ne na farko da na taɓa ji ba. Bayan kwana kaɗan sai aka ce shugabannin ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, har da tamu, sun taru sun ba sojojin mako guda: ko su mai da mulki, ko a shiga da ƙarfi. Aka ce kuma an rufe iyaka.

Cikin makon nan surukinmu ya kira Malam da hantsi. Ina tsakar gida ina murza gyaɗa, Malam na zaune kan tabarma kusa da ni, muryar yaron na fitowa sarai. Suka daɗe suna gaisawa, ya gida, ya damana, ya mutanen Mafara, ya aka ji da wannan abu. Sannan ya shigo da maganar. Ya ce ƙofar iyaka dai a rufe take, amma 'yan babur na bi ta daji su ɓullo bayan Illela, kuma har yanzu ba a tsananta ba. In an yi masa izini, gobe da safe zai kawo ta da kansa ya sa ta motar Sakkwato.

Malam ya ɗan janye wayar daga kunne ya ce, "Ke, kin ji. Mi kinka ce?"

A zuciyata na ce a kawo ta yau, ba gobe ba. Amma maganar ɗiyar fari ce, ga suruki a kan waya yana jin numfashina. Bakina ya faɗi abin da aka koya masa. Na ce, "Ni a wa, Malam? Duk yadda kuka gani."

Da yayata ce a wurin, da ta ji abin da ke ƙarƙashin maganar, ta karɓi wayar ta gama komai. Malam ma ba baƙon al'ada ba ne. Amma ran nan shawara yake nema da gaske, don hanyar Sakkwato zuwa Mafara ita ma ba lafiya gare ta ba, kuma yana tsoron kada a fara harbi yarinyar na tsakanin ƙasa biyu. Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na ci gaba da murza. Sai ya mai da wayar kunne ya ce, "A dakata makon nan ya wuce, mu ga inda anka dosa."

Ban taɓa ɗora masa laifi ba. Ya tambaye ni.

Makon nan gari ba shi da wata hira sai ta yaƙi. Akwai tela maƙwabcinmu, abokin Malam, kullum bayan azahar sukan zauna kan benci a ƙofar gida, ni kuma ina suya a ciki ina jin su ta saman katanga. Tela ya ce kwana uku ne, sojojinmu su shiga su ɗora shugaban da aka kifar kan kujerarsa su dawo. Malam ya ce, "Kwana uku? Waɗanda ke dajin Maradun shekara nawa ke nan ana kwana ukun nasu?" Tela ya ce wannan daban, waɗancan a birni suke, an san inda suke kwana. Kuma in aka ƙyale su, gobe duk mai bindiga ya tashi da safe ya ce shi ne gwamnati, jibi a nan za a yi. Malam ya ce, "Kai da ko ɗinkin sallah ba ka gamawa ran da ka faɗa, kai ka san ranar gama yaƙi?" Suka yi dariya. Ni dai man ƙuli na ta tafasa, ina lissafin kwanakin cikin da yatsu a kan zanena.

A aji ma ran Asabar karatu bai yiwu ba. Malama ta rubuta jimla a allo, ba wanda ya ɗaga kai. Akwai wata dattijuwa da ta baro Faru kamar yadda muka baro Damaga, Goggo muke ce mata, ita ta fi kowa shekaru kuma ta fi kowa baki. Ta ce, "Malama, bar allon nan ki gaya muna, in sun tafi yaƙin da wane soja za su? Ba dai 'yan ƙalilan ɗin da ke tsare hanyar Maradun ba? In sun kwashe su, mutanen daji har nan cikin aji za su taras da mu, su ma su koyi baƙi." Wata kuma ta ce danginta na wajen garin Isa can Nijar suka gudu da aka ƙone garinsu, suna zaune wajen Maraɗi. "In an kai yaƙi can, su dawo ina? Inda sunka baro?" Wata ta ce ai mutanen can ne za su kwararo nan, mu da muke ɗaki biyu mu goma. Goggo ta ce ita abin da ya fi damunta bindigogin ne, don ko an gama yaƙi ba a tattara su a mai da sito, daji za su shigo, kuma dajinmu ne kusa.

Duk abin da aka faɗa, fuska ɗaya nake gani a ciki, tana tafiya a ƙasa da ciki wata bakwai da ƙunshin kaya a ka. Na san irin wannan tafiya. Na yi ta daga Damaga, ba ciki gare ni ba ma.

Da Malama ta ga ba za mu dawo kan allo ba, sai ta ce to aikin gida ke nan: kowa ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙasashe, ta faɗi abin da take ganin ya kamata su yi. Goggo ta ce, "Wa zai kai?" Malama ta ce, "Ke dai rubuta, Goggo. Sunanki ma har yau da wutsiya kike ƙare shi."

Na yi tawa da safiyar Lahadi, na goge na sake har takardar ta kusa hujewa. Littafin yana nan. Ga abin da na rubuta, bayan Malama ta gyara mini haruffa:

"Zuwa ga shugabanni. Ina gaishe ku da aiki. Ni ban san mulki ba. Amma a garinmu in rigima ta tashi a cikin gida, maƙwabta ba su toshe ƙofar gidan su hana yara zuwa rijiya. Dattawa ake aikawa, in an koro su a sake aika wasu. In dole sai kun hukunta masu laifi, ku nemi abin da zai taɓa su su kaɗai, ku bar wa sauran mutane hanya da magani da abinci. Ƙasashen nesa da suka aiko jirage suka kwashe mutanensu, su tuna da waɗanda ba su da jirgi. Kafin ku shiga, ku tambayi waɗanda suka taɓa gudu."

Malama ta karanta wa aji. Sannan ta dube ni ta ce, "In an aika dattawa sau goma ba su ji ba fa?" Maganar tela ce ta dawo ta bakinta, kuma ban da amsarta. Har yau ban da ita. Abin da kawai na sani, wanda ke cikin gidan da aka toshe ba shi ya yi laifin ba.

Mako ya cika, ba a shiga ba. Ba a kuma ce an fasa ba. Yau rediyo ya ce an sa rana, gobe ya ce malamai sun tafi sulhu, jibi ya ce sojojin wasu ƙasashe sun ce duk wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Yanzu kowa ya san yaƙin bai zo ba, amma a lokacin ba wanda ya sani. Muna jira, hanyar dajin na lalacewa. Ruwa ya cika kwaruruka, masu tsaro suka fara kama babura, 'yan babur suka koma bin wasu hanyoyi masu nisa cikin gonaki. Malam ya kira suruki sau biyu, kowane karo sai su rabu a kan a ƙara duba mako mai zuwa. Sai kuma wayarsu ta daina shiga. An yanke musu wutar da ke zuwa daga nan, mai cajin waya na kasuwarsu ya rufe shago.

Kowace Talata ƙanwata takan zo cin kasuwa ta biyo ta wurina. Ba na tambaya. Nakan ba ta ruwa, in tambayi mijinta da yaranta da awakinta, in yi shiru in jira. Talata biyu ta zo ba labari. A ta biyun, don in cika shirun, na ɗauko littafina na karanta mata wasiƙar shugabanni. Ta ce ta yi kyau.

Talata ta uku ta shigo tun kafin azahar, ko kasuwa ba ta shiga ba. Muka gaisa a tsaye. Ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta ciro waya ta ce, "Yaya, aje matankaɗin nan. Saƙo ne, jiya ya shigo."

Muryar yarinyar ce. Ta gai da ƙanwata, ta gai da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mijinta ne ya kai wayar wani gari aka yi caji. Ta ce ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kanta na yawan ciwo. Sun je asibitin da ke kusa da su, an ce maganin bai iso ba, motocin na tsaye a iyaka. Uwar mijinta ta tsufa, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Sannan ta ce, "Inna ƙarama, ki tambayar mini Inna ta Mafara. In ta ce in taho, ko yau sai in hau babur. In ta ce in zauna, in zauna. Ita nake jira."

Na ɗauki matankaɗin na sake ajewa. Na ce, "To ki ce mata..."

Ƙanwata ta ce, "A'a. Yau ba ni ɗaukar saƙo. Wata guda ke nan ina yi maku dillanci, ita ta yi kuka a kunnena, ke ki tambaye ni awaki. Kin iya yi wa shugabannin duniya wasiƙa, ɗiyarki ce ta gagare ki?"

Na ce, "Ke ma kin san ba a yi."

"Na sani. Wadda ke yi maki ta rasu. Ni kuma ban san ko mai ciki wata takwas na hawan babur ba. Ke kinka sani."

Gaskiya ta faɗa, na sani. A Damaga na ga abin da hanyar babur ta yi wa wata mai tsohon ciki, kuma tafiyar ba ta kai rabin wannan ba. Da wata bakwai da ƙafa lafiya, da ta zo. Yanzu ƙafa a kumbure, kai na ciwo, kwari cike da ruwa, ɗan babur na gudun masu tsaro. Lokacin zuwanta ya wuce tun ranar da nake murza gyaɗa.

Ƙanwata ta danna wayar ta miƙo ta daidai bakina. Na ga ɗan jan abu na motsi, alamar tana ɗauka. Na fara da gaisuwa, don ban san ta inda ake farawa ba. Na gai da uwar mijinta, na gai da mijinta. Ƙanwata ta harare ni. Na ce, "Ke ce nake wa magana. Kada ki hau babur. Ki rage gishiri, ki riƙa ɗora ƙafafunki kan matashi. Ki zauna inda kike. Ni zan zo."

Ban san zan faɗi ta ƙarshen ba sai da na ji ta. Ƙanwata ta tura saƙon kafin in ce a goge.

Malam ya dawo daga gona bayan la'asar. Na bari ya yi wanka ya ci abinci, sannan na zauna nesa kaɗan na gaya masa duka, har da saƙon da na tura.

Ya ce, "Uwa ta bi ɗiyar fari gidan miji, ta tare a gidan suruki? A Damaga kin taɓa ganin an yi?"

Na ce, "Ba a Damaga muke ba, Malam."

"In anka fara yaƙin kina can fa?"

"To ina can ke nan. Ita ma can take."

"Ke kin taɓa wuce Sakkwato?"

"Ban taɓa ba."

Ya ce babur ɗin da na hana ta shi zan hau. Na ce ni ba ciki gare ni ba. Ya ce in masu tsaro suka kama mu fa. Na ce sai in gaya musu inda za ni, su ma mata suka haife su. Ya ce yara fa. Ƙanwata, da ke cikin ɗaki tana jin komai, ta ɗaga murya ta ce ita za ta tafi da ƙananan Bakura, manyan kuma sun isa dafa wa ubansu tuwo, in bai yi daɗi ba ya ci da haƙuri.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ran nan da na tambaye ki, da kin faɗi."

Na ce, "Da na faɗi."

Ya tashi ya fita ƙofar gida da wayarsa. Ina jin tela na tambayarsa labarin rediyo, bai amsa masa ba. Ya yi ta kiran suruki har ta shiga. Suka gaisa, gajeriyar gaisuwa wannan karon. Na ji yana cewa, "Innarku na tafe gobe. Ka tare ta Illela da kanka, kada ka aiko kowa. Ka samo ɗan babur mai hankali, dattijo in akwai." Da ya shigo ya ce in biya kantin magani kafin magariba in faɗa wa mai kantin yadda ƙafar take, ko akwai abin da zai ba ni in tafi da shi. Na je. Mai kantin ya ce irin wannan ba a ba da magani daga nesa, sai an auna jininta, in na isa kada in kwana biyu ban kai ta babban asibiti ba, ko a Konni ne. Wannan magana ta fi duk ta rediyo tsaya mini a rai.

Washegari bayan sallar asuba na ƙulle kayana: zane uku, kanwa, yaji da na daka, ɗan man shanu a kwalba, da katin shaidata a cikin leda. Na leƙa gidan Goggo na ce ta gaya wa Malama ba za a gan ni aji ba sai yadda hali ya yi. Ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a, ta ce in na hau babur in riƙe ƙarfen baya, kada kunya ta sa in zauna a karkace in faɗo.

Malam ya ɗauki ƙunshin har tasha. Motar Sakkwato saura mutum biyu ta cika. Ya yi magana da direba, ya sa aka ba ni wajen taga, ya tsaya gefe da hannuwansa a baya. Da mutum biyun suka zo aka rufe ƙofa, na yi bisimilla, mota ta hau titi.